Da gulbi ne ya raba Illela da Ƙwanni, da mun fi sanin iyakarmu?

Ɗan_Illela:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana cikinmu. In na duba taswira sai in ga ƙasashe da yawa ruwa ne ya raba su. Nijar da Benin Kwara ce tsakaninsu, Senegal da Muritaniya kogin Senegal ne, Kinshasa da Brazabil kuma suna hangen juna ta ƙetaren kogin Kwango. Mu nan Illela ba abin da ya raba mu da Ƙwanni sai shingen kwastan da wasu turaku cikin gonaki. Akwai manomin da kunyarsa ke farawa a Najeriya ta ƙare a Nijar. Ni a ganina iyakar ruwa ita ce iyaka ta gaskiya. Allah ne ya shata ta, kowa na ganinta da idonsa, ba gardama, ba mai tsallake ta da babur cikin dare. Me ya hana Turawa su bi gulbi a nan wajenmu?

Baba_Manomi_Wurno:
Wa alaikumus salam. Yaro, wanda bai zauna bakin gulbi ba shi ka cewa gulbi na zama wuri guda. Ni hwadama nika noma tun ina bin mahaifina da ƙwarya. Gulbin Rima da kaka gani, inda yaka gudu yau ba nan yake ba muna yara. Kowace damana sai ya ci gaɓa ta nan ya zubar da yashi da laka ta can. Gonar da kakanmu yab bari, rabinta yanzu tana ƙetare, mutanen wancan ƙauye na shuka albasa da tahwarnuwa cikinta, kuma ba su jin sun ci haƙƙin kowa, don uwayensu sun ce musu iyakarsu ruwa. Mu ma namu sun ce muna iyakarmu ruwa. To ruwan ya tashi. Magana tak kai gaban hakimi, anka zauna, anka watse, har yau ba a son a tada ta. In ƙauye biyu masu sallar idi wuri guda sunka kasa, ina ga ƙasa biyu masu soja?

Zainabu_Mabera:
Baba ya gama magana tun ba a fara ba.

Lauya_Gawon_Nama:
Bai gama ba tukuna, Zainabu, amma ya taɓo ainihin wurin. Abin da Baba ya faɗa shi ne ciwon kan lauyoyin iyaka a duk duniya, har an yi masa ƙa'ida. In ruwa ya riƙa cin gaɓa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, iyaka tana bin ruwan, wanda ya rasa ya rasa. In kuwa a ambaliya guda gulbi ya fasa sabuwar hanya ya bar tsohuwa, iyaka tana nan a tsohuwar hanyar ko da ta bushe ƙurmus. Faɗin ƙa'idar ba wuya, tabbatar da wanne ya faru shi ne aikin. Amurka da Meziko sun yi jayayya a kan wani fili da ake kira Chamizal, tsakanin El Paso da Juarez, bayan kogin Rio Grande ya kauce a ambaliyar 1864. Ba su kashe maganar ba sai da yarjejeniyar 1963, kusan shekara 100. Daga baya suka zuba wa kogin kankare a wannan wurin don kada ya sake motsawa.

Sai tambaya ta biyu da mai tambaya bai yi ba: in an ce kogi ne iyaka, ina a cikin kogin? Gaɓar nan, gaɓar can, tsakiya, ko inda ruwa ya fi zurfi jirgi ke bi? Iraƙi da Iran sun daɗe suna ja a kan wannan a Shaɗɗul Arab. A 1975 suka sa hannu a Aljiyas cewa zurfin ruwa za a bi, a 1980 Saddam ya yi watsi da takardar, aka shiga yaƙin shekara 8.

Ɗan_Illela:
Barista, waɗannan duk nesa ne. Kwara fa, tsakanin Nijar da Benin? Ban taɓa jin sun yi faɗa ba.

Lauya_Gawon_Nama:
Ba ka ji ba ne dai. Tsibirin Lete, sama da Gaya. Makiyaya daga gefen Nijar na kiwo cikinsa, manoma daga gefen Dahome, wato Benin ta yanzu, na cewa nasu ne. An zubar da jini a kansa a 1960, shekarar da ƙasashen biyu suka sami 'yanci, aka sake tayar da jijiyar wuya a 1963. Sai a 2001 suka yarda su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague, hukunci ya fito 12 ga Yulin 2005. Kotu ta ce iyaka ita ce hanyar jirgi mafi zurfi kamar yadda take a lokacin samun 'yanci. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. A kogin Mekuru kuwa, wanda shi ma ya raba su ta yamma, tsakiyar ruwa aka bi. Ƙasa biyu, koguna biyu, ma'auni biyu.

Malam_Tarihi_Dundaye:
Bari in amsa ɗaya ɓangaren tambayar, na me ya hana Turawa bin gulbi. Na farko, gulaben ƙasar nan ba su kwanta yadda kake so ba. Iyakarmu da Nijar daga yamma zuwa gabas ta miƙe, su kuwa gulaben ratsa ta suke yi, ba bin ta ba.

Na biyu, masu shata iyakar ba mu suke kallo ba, juna suke kallo. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, ba tare da sun taka ƙasar ba. A 1898 suka sake zama a Faris, suka kafa tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato, suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ku lura, Sakkwato ba ta faɗa hannun Turawa ba sai Maris na 1903, amma an riga an yi awo da ita. A wannan lissafin Ƙwanni tana cikin rabon Ingila. Sai Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ta bi ta ƙasar da ba rijiyoyi, ayarinsu ba zai iya bi ba. Suka yi ta kuka har aka gyara a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, Ƙwanni da Tibiri da Maraɗi suka koma gefen Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar suna kafa alamomi. Kenan ruwa na cikin dalilan da suka sa iyakar ta faɗo inda take, sai dai ruwan rijiya ne, ba na gulbi ba.

Baƙwanne_227:
Malam ka manta abu guda, ko kuwa ka ji nauyin hwaɗi. Kamin wannan gyaran, a 1899, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta bi ta Ƙwanni ta yi kisan da har yau tsohhinmu ke ba da labarinai. Su ba su tsaya duba da'irar wani ba.

Malam_Tarihi_Dundaye:
Haka ne, Malam. Kuma gwamnatinsu ma sai da ta aika a kamo su.

Bagobiri_Sabon_Birni:
In ƙara kan abin da Malam yac ce game da ratsawa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yaka tasowa, ya shiga Nijar ta wajen Madarumfa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake dawowa Najeriya ta wajenmu ya haɗu da Rima. Ruwa guda na, ya hita ya dawo. Kuma mu Gobirawa bisa wanga ruwa muka zaune tun Alƙalawa. Bayan 1808 da Alƙalawa taf hwaɗi, da kuma Gawakuke a 1836, wasu sunka kahwa Tibiri, daga baya wasu sunka rabo sunka kahwa Sabon Birni. Gida guda na. Da anka ce gulbi za a bi a raba, da ta tsakiyar gidan za a bi, don mutane gaɓa biyu suka zama, ba gaɓa guda ba. Ko'ina ka ga hwadama, dangi na nan da can.

Direba_Kamba:
Ni abin da ya ba ni dariya shi ne cewar ba a fasa-ƙwauri a iyakar ruwa. Ɗan_Illela, ka taɓa zuwa Lolo ko Dole Kaina? Lokacin da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, shinkafa ba ta daina shigowa ba, kwalekwale ne ya karɓi aikin mota. Babur aƙalla yana barin sawu a ƙasa. Ruwa fa?

Sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil aka toshe ta da kwantena. Manyan motoci suka yi layi, kaya na lalacewa, direbobi na kwana ƙarƙashin mota. Ko bayan da Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ba ta buɗe ba. Amma mutane ba su fasa ƙetarewa ba, 'yan fito ne kakarsu ta yanke saƙa. Abin da na lura shi ne, iyakar ruwa ta fi sauƙin rufewa ga mai tirela mai takardu, don gada guda ce. Talaka mai buhu biyu kuwa sai dai kuɗin fito ya ƙaru masa.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Ku maza kuna ta maganar shinkafa da taswira. Ku tambayi matar da aka aurar ƙetaren gulbi. Ƙanwata tana wani ƙauye da in damina ta yi nisa ba a zuwa sai da jirgi. Naƙuda ta kama ta da dare, mai fito ya ce ba ya shiga ruwa sai gari ya waye. Allah ya sa ungozoma ta iya, amma ba kowa ke samun haka ba. Kuma duk shekara sai mun ji jirgi ya kife da 'yan kasuwa ko masu zuwa gona, a Goronyo, a Shagari, a Wamakko, galibi mata da yara. Wannan fa cikin jiha guda ne, ba kwastan ba soja. A ɗora iyakar ƙasa a kan wannan wahalar? A'a, ɗana, ku gode wa Allah da turakunku.

Zainabu_Mabera:
Wallahi Hajiya. Ko nan cikin gari mun gani a 2010, da ambaliya ta cinye hanyar jami'a ta wajen Kwalkwalawa. Ɗalibai da malamai da mutanen ƙauyukan can suka koma shiga jirgi. Yayata tana karatu lokacin, kullum Inna sai ta yi ta addu'a har ta dawo.

Aliyu_Injiniya:
A kan kifewar jirage, laifin ba na gulbi ba ne. Jirgin katako da ya tsufa, a loda masa mutane da babura da buhuna fiye da ƙarfinsa, ba rigar kariya ko guda. A gyara wannan, a yi gadoji, sai gulbi ya zama hanya.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Injiniya, "a yi gadoji" tun ina budurwa nake jin ta.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar gadoji a buɗe mata nata zaren.

Modu_Damasak:
Ni baƙo ne a Sakkwato, karatu ya kawo ni cikin bayina Fulani, amma ni ne kaɗai a nan da ya girma a irin iyakar da Ɗan_Illela ke sha'awa. Can wajenmu kogin Komadugu Yobe ne ya raba Najeriya da Nijar a ƙarshen tafiyarsa zuwa Tafkin Chadi. Damasak da Malam Fatori na gefen nan, Diffa da Bosso na gefen can. In ruwa ya zo, iyaka ce sosai, sai da jirgi. In rani ya yi, akwai wuraren da yaro ke naɗe wando ya wuce, wasu wuraren ma yashi ne zalla. Sojojin Nijar sun fi kowa sanin haka, shi ya sa hankalinsu ke tashi in ruwa ya fara janyewa. A Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, kogin bai tare su ba. Abin da ya biyo baya, dokar ta-ɓaci ta taɓa cinikin tattasai da kifi, wanda su ne abincin mutanen gaɓa biyun. Kuma ruwan kansa ba a hannunmu yake ba. Daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake zuwa, madatsar Tiga da ta Challawa a Kano su ke yanke yawan abin da zai iso mana. Iyakar ƙasa ce, amma mai buɗe ƙofar dam a Kano na iya ƙara mata faɗi ko ya rage.

Ardo_Tangaza:
Babarbare, wa ab bawan wani? Ka zo ka ci tuwonmu ka sha nononmu kana kiranmu bayi. Amma maganarka gaskiya ta. Mu masu dabbobi gulbi ba shi ne ƙarshen ƙasa ba gare mu, shi ne mashaya. Da rani kowa can yaka nuhwa. In anka ce rabin ruwan na wata ƙasa na, saniya ta sha daga ina zuwa ina?

Ustaz_Kanwuri:
Ardo ya tuna mini da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Malamai sun yi bayani cewa manyan koguna ba mallakar kowa ba ne, ba a hana mutum ko dabba sha. A kan ban-ruwa kuma, na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon buƙata sannan ya saki ga na ƙasa. Ban ce wannan ya rushe iyakokin ƙasashe ba, hukuma na da haƙƙin tsara shige da fice. Amma ko an ja layi a tsakiyar ruwa, haƙƙin mai ƙishirwa na nan.

Ɗan_Illela:
Allah ya gafarta Malam, "ya saki ga na ƙasa" ɗin nan a faɗa wa mutanen Ƙwanni. Tafkin Kalmalo da ke nan kusa da mu, iyayenmu sun ce da kifi ake kamawa ana noman rani a bakinsa. Ruwansa daga Maggiya yake zuwa, ta cikin Nijar. Da suka yi madatsunsu don noman ranin Ƙwanni, tafkin ya koma abin da ya koma.

Baƙwanne_227:
To ga ta nan. Ɗazu kac ce ba ruwa tsakaninmu, yanzu ga ka kana ƙara kan ruwa. Kuma in za a hwaɗi a hwaɗi duka. Ku da kunka yi dam a Jibiya, kun tambayi manoman Maraɗi? Sannan hwarin 1973 da na 1984 ba madatsa tak kawo su ba. Ruwan sama ya ragu, yashi ya cike tabkuna, ko gefenmu haka na.

Aliyu_Injiniya:
Ku biyun duka kuna da hujja, shi ya sa aka yi yarjejeniyar Maiduguri a 1990 tsakanin Najeriya da Nijar, a kan rabon ruwan da suka haɗa: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da Komadugu Yobe. Takarda na nan. Aunawa da bin diddigi shi ne ya yi ƙaranci. Babbar maganar ma tana kan Kwara. Kainji tun 1968 take ba da wuta, kuma layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai ya daɗe yana haska Nijar. A Agustan 2023 aka yanke shi saboda takunkumi. Nijar kuma ta fara gina madatsar Kandaji sama da Yamai. Duk wanda ke noman shinkafa a Yawuri ko Bagudo ya kamata ya san sunan nan.

Basarke_Argungu:
Sai yanzu na ga zaren. Mu Sarkawa ruwa muka gada, kuma ruwa na da iyakoki nasa da ba su cikin taswira. Kowane gurbi akwai mai shi, akwai Sarkin Ruwa, akwai lokacin da ake hana kamun kifi har sai an buɗe. Baƙon masunci in ya zo, gaisuwa yake kaiwa ya nemi izini, ko daga wace ƙasa yake. Danginmu sun bi Kwara har Gaya da gaba, ba wanda ya tambaye su takarda a da.

Kuma ga abin lura. Kabawa da Sakkwatawa sun yi kusan shekara 100 ba sa ga maciji, alhali ruwa guda suke sha, wanda ya wuce Sakkwato shi ne ke isowa Argungu. Da aka zo sulhu, a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, da me aka karɓe shi? Da kamun kifi. Daga nan bikin Matan Fada ya samo girmansa.

Baba_Manomi_Wurno:
Barista, in koma kan ƙa'idarka. Tamu gonar, a damana guda ruwa yaf hwasa. Kenan tana nan tamu?

Lauya_Gawon_Nama:
Baba, abin da na faɗa na tsakanin ƙasashe ne, gonar gado kuwa alƙali da shaidu da al'adar wurin za a duba. Amma ko can tambayar farko ita ce wa ya ga lokacin da ruwan ya fasa. In akwai dattawan da suka gani, a rubuta shaidarsu tun suna raye. In kuma shekaru sun ja ana noma ta a gabanku ba ku yi magana ba, wannan ma za a tambaye ku.

Ɗan_Illela:
Na karanta duka, na kuma ƙaru, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ku dubi halin da ake ciki a Gudu da Tangaza da Sabon Birni da Isa. Mutum ya yi ɓarna ya hau babur, kafin a ankara yana wata ƙasa. 'Yan bindigar Lakurawa da sojoji suka yi shela a kansu a ƙarshen 2024 ta ina suke shigowa? Da akwai ruwa mai faɗin Kwara a wurin, aƙalla sai sun nemi jirgi, kuma mashigai ƙididdigaggu ne, ana iya tsare su.

Bagobiri_Sabon_Birni:
Mu da ke da gulbin muna gaya maka. Da damana yakan rage musu tahiya, wannan gaskiya na. Amma shi ka hana jami'an tsaro isowa da wuri, kuma in anka kawo hari mutanen gari ruwa suka hwaɗawa suna gudu. Mun yi jana'izar waɗanda ba harsashi yak kashe su ba.

Modu_Damasak:
Mashigai ƙididdigaggu ne ga baƙo. Ɗan wuri ya san wasu, kuma in aka tsare shi da bindiga zai nuna.

Direba_Kamba:
Ni dai a wannan na fi karkata ga Ɗan_Illela kaɗan. Na yi lodi ta Illela, na yi ta Kamba. Inda Kwara take da faɗi, ba ka ƙetarewa da babura hamsin ba a gan ka ba. Komadugu daban, Kwara daban. Kada a haɗa su don duka sunansu kogi.

Ardo_Tangaza:
To Direba, Tillaberi ba bakin Kwara take ba? Ka tambayi mutanen can ko hwaɗin ruwan ya tsare su.

Direba_Kamba:
Can ba iyaka ba ce, Ardo, gaɓa biyun duk Nijar ne. Ni maganar Gaya nake yi.